Halojin, zenon ko LED: wace fitila ta dace da baburanmu?

Wanda ya taɓa dawowa Garwa daga kasuwar Pitowa ranar Lahadi bayan magariba ya san darajar fitilar babur. Tafiyar gajeruwa ce, ba ta kai kilomita 20 ba, amma a kanta za ka ci karo da shanun da ba a sayar ba ana koro su gida, da amalanken jaki, da masu keke babu ko ɗan abu mai ƙyalli a bayansu, da mata ɗauke da kaya suna bin gefen kwalta. A cikin wannan turmutsitsi babura iri biyu ne ke ba ni tsoro. Akwai wanda fitilarsa ta yi ja kamar aci-balbal, shi ba ya gani, kai ma ba ka ganin sa sai ya iso kanka. Akwai kuma wanda ya ɗaura farar fitila mai ɗauke ido, in ya tunkaro ka sai ka rasa inda kwalta ta ƙare, ka taka birki kana salati har ya wuce. Shi wannan na biyu kuɗi ya kashe don ya gani, amma da za ka hau bayansa, sau da yawa ramin da ke gabansa bai fito masa fiye da da ba. Bishiyoyi ne da fuskokin mutane suka yi haske.

Ƙanena yana kilando, wato acaɓa, da babur ƙirar Boxer, yawanci daga la'asar zuwa sha ɗayan dare. Shi ya zo ya same ni da maganar: "Yaya, zenon zan sa, wannan fitilar ta kamfani ba ta kai ni ko'ina." Na ce ya dakata mu fahimci abin tukuna. Abin da muka gano a kan baburansa da nawa shi ne nake so in shimfiɗa a nan, don kwalayen ƙwan fitila da ke rataye a shagunan kayan babur, waɗanda suka shigo ta Mubi da Yola ko suka hauro daga Duwala, kowannensu cewa yake shi ne rana.

Tun kafin a yi maganar ƙwai, a san wutar

Gwaji ne na minti ɗaya, kuma shi ke raba gardama. Murɗa makulli, kar ka tayar da inji, ka kunna babbar fitila. In ta kama, to daga batir take sha, wato wutar DC. In ba ta kama ba sai ka buga kik, kuma tana ƙara haske in ka murɗa totur, tana dushewa in ka saki, to kai tsaye daga koyil take sha, wutar AC ke nan. Da yawa daga ƙananan baburan da ke cika titunan Garwa da Marwa da Kuseri, masu inji 100 zuwa 150, a wannan rukuni na biyu suke.

Ƙwan halojin bai damu da wannan bambanci ba, zare ne kawai ake gasawa har ya yi haske, ko wace wuta ta zo zai karɓa. Zenon ba ya aiki sai da DC. LED ma DC yake so, sai dai akwai waɗanda aka sa musu ɗan abin gyara wuta a ciki, za ka ga an rubuta AC/DC a jikin kwalin. Suna kamawa a babur mai AC, amma in inji yana ralanti, wato yana aiki ba a murɗa totur ba, sai su riƙa ƙifta ido.

Abu na biyu shi ne ƙarfin da babur yake da shi. Ƙwan kamfani a irin waɗannan babura yawanci wat 35 ne, wato kusan amfiya 3 a kan bolt 12. Batirinsu ƙarami ne, mai amfiya 5 ko 7, wasu masu kik zalla ma ƙasa da haka. A babur mai AC, kason da koyil ke tura wa batir kaɗan ne, an yi shi ne don oda da sigina da fitilar birki da sitata. In ka ɗauko babbar fitila ka ɗora wa wannan batir ba tare da an gyara hanyar caji ba, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Kwana biyu oda ta shaƙe, sitata ta daina amsawa, mutum ya ce an sayar masa da batir marar kyau.

Sai gindin ƙwan. Akwai HS1 da H4 masu ƙafa uku, akwai BA20D, akwai P15D da wasu ke kira H6M. Ba sa shiga gurbin juna. Cire naka ka tafi da shi shago. Duk ƙwan da sai an fasa gurbi ko an ɗaure shi da waya kafin ya zauna, ba zai zauna daidai inda madubin fitila ke bukatar sa ba, kuma za mu ga dalilin da ya sa wannan ya fi komai muhimmanci.

Halojin, wanda ake rainawa

Ƙwan HS1 mai wat 35 an ƙayyade masa luman 825 a far, 525 a kod (maƙwabtanmu na Najeriya su ce ful da dim). Luman shi ne ma'aunin yawan hasken da ƙwai ke fitarwa. H4 na mota mai wat 60/55 yana ba da 1,650 da 1,000. Ba wani haske ne na a zo a gani ba, amma akwai abin da mutane ba sa lura da shi: waɗannan alƙaluma a kan bolt 13.2 aka auna su. Halojin yana jin raguwar wuta ƙwarai. In bolt 12 kawai ke isa gindin ƙwan saboda soket ya yi tsatsa, ko makunni ya ci, ko wayar as ta saki, kusan kashi 30 cikin 100 na hasken ya tafi. Ƙara masa gilashin fitila da rana ta dafa ya yi rawaya, da madubin ciki da ƙura ta dusashe, da ƙwan jabu wanda zarensa ya karkace. Mutum yana tafiya da rabin fitilarsa, yana zargin halojin.

A babur ɗin ƙanena haka muka tarar. Bakanike ya goge bakin soket, ya ƙara ɗaure as, muka wanke gilashi ciki da waje, muka sa ƙwai na ƙwarai. A daren nan shi da kansa ya ce kamar an canza fitilar. Wannan shi ne gyara mafi araha, kuma ko me za ka sa daga baya sai ka yi shi, don LED ma ba zai yi kyau a cikin madubin da ya mutu ba.

Halojin yana da wasu abubuwa uku da suka dace da ƙasarmu. Zafi ba ya damun sa, shi kansa da zafi yake aiki. Launinsa mai ɗan rawaya ne, wajen kelbin 3,200 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske), wanda ido ke jurewa cikin ƙura. Sannan in ya mutu maka a Figil ko Gidar da dare, mai teburin kayan babur yana da shi. Aibinsa kuwa a fili yake: yana cin wuta, haskensa yana da iyaka, girgizar hanya tana tsinke zarensa, kuma rayuwarsa 'yan ɗaruruwan awoyi ce. In regileta, mai daidaita wutar da koyil ke bayarwa, ta lalace tana sakin wuta fiye da ƙima, sai ya riƙa ƙonewa a kai a kai; ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai na iya raba kwanansa biyu. Wanda ke canza ƙwai duk wata, regileta ya kamata ya duba. Kar a taɓa gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya gasu ya kumbura.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko ƙwan mota mai wat 60, ko ma mai 100, a cusa. Koyil ba zai iya ciyar da shi ba, sai ya ba da jan haske da bai kai na mai 35 ba, ga zafinsa yana narka soket da madubin roba.

Zenon

Wannan ba shi da zare. Tartsatsin wuta ne ke tsalle tsakanin tsinke biyu a cikin ɗan ƙwan da aka cika da iskar zenon da gishirin ƙarfe. Kamfanin BMW ne ya fara sa shi a mota a 1991. Na asali mai wat 35 yana ba da luman 3,200, kusan ninki huɗu na far ɗin HS1, da wuta kusan iri ɗaya. A takarda babu mai ja da shi, shi ya sa samari suka ƙwallafa rai a kansa.

Amma yana tafe da akwati, wanda ake kira balas. Aikin balas shi ne ya ɗaga bolt 12 zuwa sama da 20,000 don tartsatsin ya tashi, sannan ya riƙe shi a wajen bolt 85. A daƙiƙun farko yana zuƙar wuta ninkin abin da yake ci daga baya, kuma ƙaramin batirin da ya riga ya gaji ba ya iya ba shi, sai fitila ta yi ta walƙiya ta ƙi tsayawa. Ko ta kama, sai ta ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ta cika haske, kuma yawan kashewa da kunnawa yana rage mata kwana. Mai kilando da ke tsayawa sau hamsin a dare ya lissafa wannan. Don a sa zenon a babur mai AC yadda ya kamata, sai an taɓa koyil, an canza regileta, an ja waya daga batir da rile (ɗan makunnin da wuta ke sarrafawa) da fis. Kuɗin wannan aiki ba ya cikin farashin da mai shago ya faɗa maka. Ga balas na araha ba ya son ruwa, ba ya son girgiza, kuma ranar da ya mutu a hanya fitila ta mutu ɗungurungum, kod da far, don tartsatsi ɗaya ne ake matsarwa gaba da baya.

Launi ma akwai yaudara a ciki. Zenon ya fi haske a wajen kelbin 4,300. Masu lamba 8,000 zuwa sama, masu shuɗi-shuɗi ɗin nan da ke burge yara, haskensu ya ragu ne, lambar launi ce ba ta ƙarfi ba.

Ko da duk wannan ya daidaita, babbar matsalar tana nan. Madubin da ke cikin fitilar babur an ƙera shi ne don ɗan zare mai tsawon 'yan milimita, zaune a wuri ɗaya tak. Daga wannan wuri madubi ke tattara haske ya jefa shi kan hanya, kuma a ƙwai irin H4 da HS1 akwai ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin zaren kod da ke hana haske tashi sama. Tartsatsin zenon siffarsa daban, ya lanƙwasa, haskensa ya fi ƙarfi a bakin tsinkayen biyu. Madubi ya karɓi haske daga inda ba a shirya masa ba, sai ya watsa shi sama da gefe. Luman 3,200 ɗin nan gaskiya ne, amma kaso mai yawa a idon mai tahowa yake sauka. Motocin da suka zo da zenon daga kamfani fitilarsu an ƙera ta don shi ne, yawanci da gilashi mai ƙwayar ido da ke yanke hasken a miƙe. A kan ƙaramin babur mai madubin halojin, ban ga hujjar sa zenon ba, kuma haka na gaya wa ƙanena.

LED, inda alheri da sharri suka cakuɗe

Nan ne kasuwa ta koma, kuma nan ne ya kamata a zauna a tantance, don a ƙarƙashin suna ɗaya akwai kaya na ƙwarai da tarkace.

Alherinsa ba a musu. Yana kamawa nan take, ba shi da zaren da girgiza za ta tsinke, kuma cin wutarsa kaɗan ne. LED na kirki yana ba da wajen luman 100 a kowane wat. Da wannan lissafi kaɗai za ka iya kama ƙaryar kwali. Ka ce wa bakanike ya sa mita ya auna abin da ƙwan ke ja. In amfiya 1 ne a kan bolt 12, wat 12 ke nan, hasken kuwa wajen luman 1,200, ko da an rubuta 8,000 da jan fenti a jikin kwalin. Kuma 1,200 ɗin ba abin rainawa ba ne: ya ninka kod ɗin HS1 fiye da sau biyu, da kashi ɗaya cikin uku na wutar da yake ci. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yadda aka jera ƙwayoyin hasken shi ne ke raba na kirki da na banza. Akwai mai kama da gorar masara, ƙwayoyi ta kowane gefe, uku ko huɗu ko shida. Wannan shi ne mai makantar da jama'a a hanyar Pitowa. Haske yana fitowa daga ko'ina ban da inda zare yake zama, madubi ya rasa yadda zai yi da shi, kod da far su zama kusan abu ɗaya. Na kirki siriri ne kamar wuƙa, ƙananan ƙwayoyi a gefe biyu kawai, an jera su su kwaikwayi tsawon zare da mazauninsa, da ɗan murfi a ƙarƙashin na kod. In an sa shi, ƙwayoyin su kalli dama da hagu, ba sama da ƙasa ba. Ɗora shi gefen tsohon ƙwanka a kan tebur, gindi da gindi: in ƙwayoyin ba su yi daidai da tsayin zaren ba, ajiye shi.

Sai zafi, wanda shi ne abokin gabar LED, kuma mu nan muna da shi har na sayarwa. Gaban ƙwan ba ya ƙuna, amma bayansa yana tara zafi, kuma yana ɗumama haskensa yana raguwa, in ya wuce kima ƙwayoyin su ƙone. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Njamena ke haura digiri 40, iskar dare kanta da ɗumi take, ga ƙwan a kulle cikin ƙoƙon roba. Awoyi 30,000 ko 50,000 da ake rubutawa ba a cikin wannan ƙoƙo aka ƙirga su ba. Masu ƙera shi suna fitar da zafin ta hanya biyu: ko ƙaramar fanka, ko gindin alminiyan mai haƙora. Fanka tana ba da damar ƙarin haske, amma ƙurar hunturu tana shiga cikinta, ta fara kuka, ta tsaya, ƙwai ya dahu. Ni na fi natsuwa da marar fanka mai matsakaicin ƙarfi, wat 10 zuwa 15, mai nauyi a hannu. Kuma kar a yanke hukunci a minti na farko. A bar shi a kunne kwata guda, a sake duba hasken.

Wani abu da ba a faɗa a shago: a babur mai AC, in ka cire ƙwai mai wat 35 ka sa mai 12, ragowar wutar da koyil ke bayarwa regileta ce ke shanye ta ta mai da ita zafi. In lafiyarta ƙalau, babu komai. In dama ta gaji, sai ka ga fitilar baya da ta mita suna ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Mafita mai tsabta ita ce a ja wa LED wuta daga batir ta rile da fis, tun da cinsa wajen amfiya 1 ne, a kuma tabbatar batir yana samun caji.

A jikin kwali akwai lambobi biyu da suka cancanci a duba. IP65 ko IP67: lambar 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 5 tana nufin yana jure feshin ruwa, 7 kuwa nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Wanda ke ratsa mayo, wato rafi, da damina a Marwa, ko mai kai babur wanki a bakin Binuwai, ya san amfanin wannan. Sai harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, shaidar cewa wata ƙasa ta gwada kayan: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan. Ana buga na jabu, don haka rashinsa ya fi kasancewarsa ba da labari.

Ƙura da launin haske

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, ta shimfiɗa mana ita. Ƙara da wadda manyan motocin auduga ke tayarwa a hanyoyin burji a daidai wannan lokaci. A cikin irin wannan hazo farin LED mai kelbin 6,000 zuwa 6,500 yana zama farin bango a gabanka. Ƙwayoyin ƙura suna dawo maka da hasken cikin ido, kana ƙara haske bangon yana ƙara kauri.

Dattawa suna tuna Peugeot 404 da 504 masu rawayar fitila. Doka ce ta Faransa tun ƙarshen shekarun 1930, ba a ɗage ta ba sai 1993. Rawayan haske ba ya huda ƙura kamar yadda ake faɗa, ƙura tana watsa kowane launi. Abin da yake yi shi ne ba ya gajiyar da ido kamar fari mai shuɗi, kuma mai tahowa ya fi jure shi. Abin da ya fi launi tasiri shi ne tsayin da fitila take. In tana ƙasa, nesa da layin idonka, hasken da ƙura ke dawowa da shi ba ya shigo maka kai tsaye, kuma ramuka suna yin inuwa su fito.

Wannan ne ya kai ni ga zaɓi na huɗu, wanda ba ƙwai ba ne: a bar babbar fitila yadda take, a ƙara ƙananan fitilun LED guda biyu a ƙasa, a jikin ƙarfen kare ƙafa. Akwai masu ƙwayar ido da ke yanke haske a miƙe, masu launi biyu, rawaya da fari. Su suna da nasu gilashin da aka ƙera don su, babu rigimar madubi. Suna waje iska tana bugun su, zafi bai cika kama su ba. In sun mutu babbar fitila tana nan, in ita ta mutu su suna nan, kuma a hanya irin ta gangaren Ngaundare da dare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗinsu: makunni nasu daban, fis kusa da batir, a sunkuyar da su ƙasa, a kashe farin in an hango mai tahowa. Biyu masu wat 10 ba su kai amfiya 2 ba, amma a babur mai ƙaramin caji ko wannan sai an sa ido. Masu walƙiyar ja da shuɗi kuwa a bar wa jami'an tsaro da motar asibiti kayansu, jan magana ne kawai a shingen jandarma.

To wa zai ɗauki wanne?

Mai kilando a cikin gari, Garwa ko Marwa ko Njamena, ba nisa yake bukata ba. Gudunsa bai fi 40 ba, fuska da fuska yake da mutane dare duka. Wayoyi masu lafiya da halojin na ƙwarai sun ishe shi, in yana son ƙari ya sa siririn LED marar fanka. Mai bin kasuwannin ƙauye, wanda dare ke riskar sa tsakanin Gidar da Figil ko a hanyar Lagdo, shi ne ya fi kowa bukatar ƙananan fitilun ƙasa, a kan halojin ko LED. Mai babban babur da ke da DC da isasshen caji, in yana son haske na gaske, ya canza fitilar gaba ɗaya zuwa mai ƙwayar ido ta LED, ya tabbatar irin ta ƙasashen da ke bin hannun dama ce kamar Kamaru da Cadi, don wadda aka yi wa masu bin hagu tana ɗaga haske ne ta ɓangaren masu tahowa. Ta fi tsada, amma ita ce kaɗai ke ba da haske mai yawa tare da kod na gaskiya.

Akwai lissafin da nake so kowa ya riƙe. A dokar hanya ta Faransa kod ya haska mita 30 ba tare da ya makantar da kowa ba, far kuwa mita 100. Mai gudun kilomita 60 yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Wato abin da kod ya nuna maka, ba ka da cikakkun daƙiƙa biyu kafin ka isa gare shi, kuma ɗaya daga ciki ta tafi kafin ƙafarka ta taɓa birki. Saniya baƙa ba ta ƙyalli. Fari fat a gaban taya yana sa mutum ya ji kamar yana gani, ya ƙara wuta, alhali ƙwayar idonsa ta tsuke saboda hasken kusa, nesa kuma ta ƙara yi masa duhu.

Ko me ka zaɓa, roƙo biyu ga bakanike. Kar ya yanke soket na asali, ya yi amfani da mahaɗi, don ranar da LED ya mutu a daji ka ciro tsohon halojin daga ƙarƙashin kujera ka mayar. Sannan kar ka biya sai an je bango.

Gwajin bango kuwa haka yake. Bayan isha, a sami fili mai daidai, a tsayar da babur mita 10 daga bango, kai kana zaune a kai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayi. Kunna kod. Saman hasken ya tsaya santimita 10 ƙasa da layin, kuma ya kasance yana da baki, sama duhu ƙasa haske. In wurin bai kai mita 10 ba, a yi mita 5 da santimita 5. In hasken ya haura layi, a sassauta kusoshin ƙoƙo a sunkuyar. In kuwa ba shi da baki sam, ya fantsama har saman bango duk yadda aka juya shi, ƙwan ne bai dace da madubin ba, a mayar wa mai shi. Mai kilando ya yi gwajin da mutum a bayansa, don fasinja da buhu suna danne baya su ɗaga hancin babur, kod ya koma far ba tare da an taɓa makunni ba.

Mu da muka yi namu a bangon gida, LED na farko da ƙanena ya aro daga abokinsa, mai gorar masara, ya haska har rassan dalbejiyar maƙwabta. Siririn da muka gwada bayansa ya tsaya ƙasa da gawayi, sai dai bakinsa bai kai na halojin fita ba. Ƙanena ya zauna a kan halojin, muka ɗaura masa rawaya guda biyu a ƙasa, da fis mai amfiya 5 da makunni a hannun hagu, ya kuma sa ƙwai ɗaya na ajiya a cikin akwatin sifana.